Faifai Biyu a Kwali Ɗaya: Yadda OutKast Suka Ci Kasuwa Suna Dab da Rabuwa

Mai karatu, a ce kana da abokin sana'a wanda kuka taso tare tun kuna 'yan shekara 16. Kun kwana a ƙasa tare, an yi muku ihu a bainar jama'a tare, kun kuma yi suna tare. Sai daidai lokacin da kasuwa ta buɗe, kuɗi suka fara zubowa kamar ruwan Agusta, ka lura sana'ar ta fita daga ransa. Bai zage ka ba, bai ci amanarka ba, ko kwabo bai cuce ka ba. Kawai ya tattara nasa ya nasa ya koma wani gari mai nisa, ya rungumi jita yana koyon kaɗawa kamar sabon ɗalibi. Da kai ne ya za ka yi? Ka sallame shi ka ci gaba kai kaɗai, ko ka zauna jiran mutumin da shi kansa bai san ranar dawowarsa ba?

Wannan ba tatsuniya ba ce. Halin da Antwan Patton, wanda duniya ta sani da Big Boi, ya tsinci kansa ke nan wajen shekarar 2002. Abokin nasa shi ne André Benjamin, wato André 3000. Su biyun ne OutKast, mawaƙan gambarar zamani daga birnin Atlanta na jihar Jojiya a kudancin Amurka. Shawarar da suka yanke a wancan lokaci ta haifar da kundin waƙoƙin da ya kafa tarihin ciniki, ta kuma zama farkon ƙarshen tafiyarsu. Amma kafin mu kai can, sai mun fara sauka cikin wani rami.

Rami na gaske nake nufi. A makarantar sakandare ta Tri-Cities da ke East Point, gefen Atlanta, yaran biyu suka haɗu a farkon shekarun 1990. Dukkansu haihuwar 1975 ne. Neman wanda zai yi musu kiɗa ya kai su wurin wani matashi mai suna Rico Wade, wanda shi da Ray Murray da Sleepy Brown suka kafa ƙungiyar masu haɗa kiɗa ta Organized Noize. Ɗakin aikinsu yana ƙarƙashin gidan mahaifiyar Rico, wuri ne da ko daɓe babu, jar ƙasa ce tsagwaronta, na'urori a jere cikin ƙura. Sun sa masa suna Dungeon, wato kurkukun ƙarƙashin ƙasa. Nan samari suke cunkushewa, su rubuta baiti, su kwana, gari ya waye su ɗora daga inda suka tsaya. Wa zai kalli wannan rami ya ce a cikinsa ake rainon waɗanda za su girgiza Amurka?

L.A. Reid, wanda shi da Babyface suka kafa kamfanin LaFace a Atlanta, ya ɗauke su suna 'yan shekara 17. Kundinsu na farko ya fito a watan Afrilun 1994, ya kuma haura kwafi miliyan ɗaya. Sai dai a wancan zamani gambara masu gida biyu gare ta: Niyok a gabas, Los Anjalas a yamma. Mutumin kudu kuwa ɗan ƙauye ake ɗaukarsa, ana yi wa karin harshensa dariya. Sai ga ranar 3 ga Agusta, 1995.

A daren ne mujallar The Source ta yi bikin ba da lambobin yabo a Niyok, kuma zauren ya riga ya ɗauki zafi. Suge Knight ya hau dandamali ya yi wa Puff Daddy habaici a garinsu, Snoop Dogg ya tsaya yana tsokanar 'yan kallo, gaba tsakanin gabas da yamma tana ruruwa, gabar da kafin shekara biyu aka binne Tupac da Notorious B.I.G. a cikin hayaƙinta. Ana cikin haka aka kira OutKast a matsayin sabuwar ƙungiyar da ta fi fice. Maimakon tafi, sai ihun raini ya tashi. Mai karatu, kana ɗan shekara 20, a garin da ba naka ba, dubban mutane suna maka eho, an miƙa maka makirufo. Me za ka ce? André ya ce musu ya gaji da mutane masu rufaffen tunani, sannan ya rufe da cewa Kudu ma tana da abin faɗa. Ya sauka. Har yau mutanen Atlanta suna ɗaukar wannan dare a matsayin ranar da aka yanke wa gambararsu cibiya.

Daga nan abin ya yi ta hawa. ATLiens a 1996, Aquemini a 1998, Stankonia a 2000. Sunan Aquemini ma kansa haɗin sunayen taurarin watannin haihuwarsu ne, rabi na wannan, rabi na wancan, kamar tun lokacin sun san cewa ƙarfinsu a bambancinsu yake. Kuma bambancin ƙara fitowa yake yi kullum. Big Boi mutumin unguwa ne, mai son manyan motocin Cadillac, mai kiwon karnuka, harshensa da sauri kamar injin ɗinki. André kuwa ya daina shaye-shaye, ya daina cin nama, ya fara naɗa rawani, daga baya ya koma sa gashin kanti da tufafin da ba a saba ganin mawaƙin gambara da su ba. Tsegumi ya tashi. Wasu suka ce ƙwaya ce, wasu suka ce ya shiga wata ƙungiyar asiri, wasu suka ce kansa ne ya taɓu, kuma kowa yana tambayar yaushe za su rabu. Abin da ya fi burge ni a duk labarin nan shi ne Big Boi bai taɓa bin bakin mutane ya ji kunyar abokinsa ba. Ya tsaya kusa da shi a hoto, yana sanye da rigar 'yan ƙwallo, shi kuma André cikin kayansa na ban mamaki, aka ci gaba da tafiya.

Stankonia ne ya fitar da su daga da'irar masoya gambara ya kai su kunnen kowa. Waƙarsu "Ms. Jackson", wadda ban haƙuri ce ga uwar matar da aka rabu da ita, ta hau lamba ta ɗaya a jadawalin Billboard a farkon 2001, kundin kuma ya ci Grammy. A hankalce, abin da ya rage shi ne su sake dafa irin wannan miyar, tunda an ga mutane suna lashe kwano. Nan ne André ya juya baya.

Ya koma Los Anjalas yana neman shiga fim. Ya sha faɗa a fili cewa gambara ta gundure shi, ba ya jin ta a jikinsa kamar da. Ya fara haɗa wasu waƙoƙi shi kaɗai, da tunanin za su zama kiɗan wani fim na soyayya, kuma a yawancinsu rerawa yake yi da siririyar murya irin ta Prince, ba jero baiti ba. Big Boi kuwa yana Atlanta, a situdiyonsu na Stankonia, wanda suka saya bayan ya taɓa zama mallakar mawaƙi Bobby Brown, yana ta aikin da ya iya. Nasa ɓangaren ya riga ya kammalu. Na André ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, ana ta ɗaga ranar fitowa.

To, mai karatu, ga kayanka a ɗaure, kasuwa tana ci, abokin tafiya bai ko gama shiri ba. Kana da damar ka fitar da naka da sunanka, kuma ba wanda zai zarge ka. Haka shi ma André yana iya fitar da nasa ya ce ga sabon mutum. Amma ranar da faifai biyu suka fito daban, kowa zai ce OutKast ta mutu, jaridu su kafa sikeli suna auna wa ya fi wani. Kuma akwai kasada ta kowane ɓangare. Idan aka haɗa, Big Boi ya ɗaura ingantaccen kayansa a jikin wani abu da ba wanda ya san ko zai sayu. André kuma ya kai waƙoƙinsa na rerawa gaban masu sauraron da gambara suka zo saye, waɗanda ba sa yafiya idan suka ji an canja musu tuwo. Wace hanya za ka bi?

Su da kamfanin Arista, wanda L.A. Reid yake shugabanta a lokacin, suka tsaya a kan wata dabara da ba a saba gani ba. Kowa ya yi faifansa, a zuba su a kwali ɗaya, a rubuta OutKast a bango. Ranar 23 ga Satumba, 2003, aka fitar da Speakerboxxx/The Love Below. Faifan farko na Big Boi, na biyu na André. Waƙoƙi da 'yan gajerun maganganun tsakani 39, tsawon sa'o'i biyu da kwata. A cikin wannan tulin duka, wuraren da za ka ji muryoyinsu tare ba su wuce ka ƙirga da yatsun hannu ba, irin su "GhettoMusick" a faifan Big Boi da "Roses" a faifan André. Gida ɗaya ne, amma kowa da ƙofarsa.

Faifan Big Boi cike yake da amon ganga mai girgiza ƙirji da busar ƙaho, ga baƙi irin su Jay-Z da Ludacris da Killer Mike, yana maganar yaƙi da addini da wahalar uba da ya rabu da uwar 'ya'yansa. Na André kuwa sai ka rantse shagon ka ɓata. Ga jaz, ga fiyano, ga Norah Jones da Kelis, ga wani tsohon kiɗan fim, "My Favorite Things", an sake masa riga. Kuma a tsakiyarsa akwai wata waƙa da ta ƙi shiga kowane layi, sunanta "Hey Ya!".

Tsaya mu daɗe kaɗan a kan wannan waƙar, domin a nan labarin ya fi daɗi. André ya gina ta ne a kan 'yan kaɗe-kaɗen farko da ya koya a jita, irin waɗanda ɗan koyo yake farawa da su. Ba gambara ba ce, ba kuma za ka ce rok ce kai tsaye ba. Shugabannin Arista sun yi imani za ta ci kasuwa. Ɗan jarida Charles Duhigg ya ba da labari a littafinsa The Power of Habit na 2012 cewa har an saka ta a wata manhajar kwamfuta mai suna Hit Song Science, wadda wani kamfani a Sifaniya ya ƙirƙira don hasashen waƙar da za ta karɓu, kuma ta samu maki mai yawan gaske. Masana sun yarda, na'ura ta yarda, masu gidajen rediyo sun yarda. Saura mutum ɗaya ba a tambaya ba: mai sauraro.

A daidai wannan lokaci kamfanin Arbitron yana gwajin wata 'yar na'ura a Filadalfiya, wadda mutane suke yawo da ita a jiki tana rubuta tashar da suke ji daƙiƙa bayan daƙiƙa. A karon farko ana iya ganin ainihin lokacin da mutum ya kai hannu ya murɗa rediyo. Da sakamako ya fito sai jiki ya yi sanyi. A tashar WIOQ, farkon watan Satumba, duk sanda aka sa "Hey Ya!" kashi 26.6 cikin ɗari na masu sauraro suke tserewa zuwa wata tasha. Fiye da mutum ɗaya cikin huɗu! A sana'ar rediyo wannan hukuncin kisa ne, domin masu talla kunnuwa suke saye, kuma waƙar da ke korar kunnuwa ba ta kwana a jadawali.

Me ya kore su? Ga wani abu da za ka iya gwadawa da tafin hannunka. Yawancin waƙoƙin rediyo a Amurka suna tafiya ne da bugu huɗu-huɗu, jiki ya san inda zai sauke ƙafa tun kafin a kai wurin. "Hey Ya!" kuwa tana yin huɗu sau uku, sai ta yanke ta yi biyu kacal, sannan ta dawo huɗu sau biyu. Bugu 22 ke nan a kowane zagaye, inda kunne yake jiran 16 ko 24. Kamar kana saukowa daga bene cikin duhu ne, ka tarar matakala ɗaya ta fi sauran gajarta. Ga gudu, ga ihu, ga muryar da ba a saba ji daga bakin André ba. Mutane ba su tsaya sun ce waƙar ba ta da kyau ba. Baƙuwa ce kawai, hannu kuma ya riga tunani isa ga rediyo.

Yanzu kai ne mai tsara shirye-shiryen tashar, mai karatu. Alƙaluma suna gabanka, kuma alƙaluma ba sa ƙarya. Za ka jefar da ita ka huta, ko za ka ci gaba da sa abin da ke korar maka jama'a saboda zuciyarka ta ce akwai wani abu a ciki?

Abin da suka yi dabarar uwa ce mai ba yaro magani a cikin zuma. Suka daina sakin waƙar ita kaɗai. Sai a sa wata sananniya wadda kunne ya riga ya saba da ita, irin na Christina Aguilera ko Maroon 5, a biyo da "Hey Ya!", a rufe da wata sananniyar. Mai sauraro yana cikin jin daɗin wadda ya sani, baƙuwar ta shigo, kafin ya yi shawarar tashi ya san wata da yake so tana tafe. A watan Oktoba masu gudu suka ragu zuwa kashi 13.7. Zuwa Disamba sun koma 5.7. Waƙar ba ta canja ko da ɗigo ba, mutanen ne suka saba. Ni dai duk sanda na tuna wannan sai in yi tunanin sauran waƙoƙi masu kyau da aka binne a makon farko saboda ba su samu mai yi musu wannan haƙurin ba, kuma abin yana damuna da gaske.

Bidiyon ma ya taimaka ƙwarai. Bryan Barber ya shirya shi a kan salon ranar da Beatles suka fara bayyana a shirin Ed Sullivan a 1964, amma ya juya labarin, ya zama 'yan Amurka ne suka je Landan 'yan mata suna ta ihu. Ƙungiyar da ke kan dandamali mutum takwas ce, sanye da koren kaya, kuma duk takwas ɗin André ne: shi ne mai jita, shi ne mai ganga, shi ne 'yan amshi. Big Boi ya fito ne a farkon bidiyon kawai, a matsayin manajan da ke yi musu faɗa kafin su hau. Duba da kyau, mai karatu. A babbar waƙar da ke ɗauke da sunan OutKast, mutum ɗaya ya cika dandamali, ɗayan yana bayan labule. Mutum nawa ne za su yarda da wannan matsayi ba tare da zuciya ta yi baƙi ba?

Amma Allah ba ya barin wani don wani. Kundin ya buɗe a lamba ta ɗaya da kwafi kusan 510,000 a makon farko, a zamanin da saukar da waƙa kyauta ta intanet yake cinye cinikin faifai. "Hey Ya!" ta hau saman jadawalin Billboard a watan Disambar 2003, ta yi mako tara ba wanda ya motsa ta. Wace waƙa ce take biye da ita a lamba ta biyu, mako bayan mako? "The Way You Move", ta Big Boi tare da Sleepy Brown, abokinsu tun zamanin rami. A tsakiyar Fabrairun 2004 aka samu wanda ya sauke André daga kan kujera, kuma ba kowa ba ne illa Big Boi. Duk Amurka an rasa mai kayar da OutKast sai OutKast.

Har kamfanin Polaroid ya samu rabonsa. Waƙar ta ambaci yadda ake girgiza hoton kyamararsu mai wanke hoto nan take, sai ga sunan da ya fara dusashewa ya dawo bakin matasa. Kamfanin ya fito yana jan hankalin jama'a cewa hotunan zamani ba sa buƙatar girgizawa, yin hakan ma yana iya ɓata su. Wa ya saurare su? Ana ta rawa.

Kuma a nan ne wautar ɗan Adam ta fito fili. An kaɗa "Hey Ya!" a bukukuwan aure ba adadi, an yi tsalle da ita a filayen wasa, yara da tsofaffi sun haddace amshinta. Amma zauna ka karanta abin da take faɗa. Waƙar baƙin ciki ce. Magana take yi a kan masoyan da suka san zaman ya ƙare amma tsoron kaɗaici ya hana su faɗa wa juna, da tambayar ko akwai soyayyar da ke ɗorewa. A cikin waƙar ma André ya nuna ya san ba sauraronsa ake yi ba, rawa kawai ake so. Ya faɗa musu a fuska, suka amsa da ƙarin rawa. Ban ce don abokinsa ya rubuta ta ba, magana ce ta mace da namiji. Sai dai yana da wuya ka ji ta yau, ka tuna halin da su biyun suke ciki a lokacin, ba ka ji wani abu ya taɓa maka zuciya ba.

Ana tsakiyar wannan biki sai wani abin mamaki ya faɗo. A watan Janairun 2004, kundin yana kan ganiyarsa, kamfanin BMG mai mallakar Arista ya sallami L.A. Reid saboda asarar da aka ce kamfanin ya tafka. Mutumin da ya ɗauki yaran tun suna 'yan 17, wanda ya amince da faifai biyu a kwali ɗaya, ya rasa kujerarsa a lokacin da kayansa suka fi na kowa tafiya a kasuwa. Bai daɗe a zaune ba, cikin 'yan makonni ya zama shugaban kamfanin Island Def Jam. Amma ka ga yadda wannan sana'a take: kana iya riƙe da waƙa ta ɗaya da ta biyu a ƙasa baki ɗaya, a ce maka ka ajiye makullin ofis.

Ranar 8 ga Fabrairu, 2004, a Los Anjalas, aka yi bikin Grammy karo na 46. OutKast suka tashi da lambobi uku, ciki har da mafi girma, ta kundin shekara, inda suka doke Justin Timberlake da Missy Elliott da Evanescence da White Stripes. Kafin su, Lauryn Hill ce kaɗai ta taɓa kai kundi mai jinin gambara wannan matsayi, a 1999, kuma shekara 20 suka biyo baya ba wani kundin gambara da ya sake kaiwa. Yaran da aka yi wa eho a Niyok shekara takwas da rabi da suka wuce, yau su ne a sama. Daren bai ƙare lami lafiya ba, domin André ya rera "Hey Ya!" da 'yan rawa cikin shigar da ta kwaikwayi ta 'yan asalin Amurka, da gashin tsuntsu da bukkarsu a kan dandamali. Al'ummomin suka ce an mai da al'adarsu abin wasa, kuma suna da gaskiya. Tashar CBS, wadda ta nuna bikin, ta fito ta ba da haƙuri.

Yanzu batun lissafi, kuma a nan sai an yi hattara. Ƙungiyar kamfanonin faifai ta Amurka, RIAA, ita ke ba da shaidar ciniki: miliyan ɗaya filatinam, miliyan goma lu'ulu'u. Kundin ya samu shaidar lu'ulu'u a ƙarshen 2004. A watan Satumbar 2023, yana cika shekara 20, shaidar ta kai miliyan 13, ya wuce kundin The Eminem Show mai miliyan 12, ya zama kundin gambara mafi girman shaida a tarihin ƙasar. Sai dai a ƙa'idar RIAA, kundi mai faifai biyu da ya wuce minti 100, kowane faifai ƙirga shi ake yi daban. Wanda ya sayi kwali ɗaya an rubuta ya sayi biyu. Ke nan kwalayen da suka bar kanti wajen rabin wancan adadi ne, kuma tun 2016 ana haɗawa da sauraron intanet a lissafin. Wasu suna kawo wannan don su rage wa kundin daraja. Ni ban gan shi haka ba. Kwali miliyan shida ba wasa ba ne, sannan ka lura da abin da ƙa'idar ta nuna: da sun rabu kowa ya fitar da nasa, ba ɗayansu da zai kusanci wannan matsayi. Haƙurin da suka yi da juna ne ya ninka musu lissafi.

To, mai karatu, ka ci kasuwa irin wannan, me ya rage? Yawon kaɗe-kaɗe, mana. Nan ne mawaƙi yake kwasar kuɗin gaske, gari bayan gari, zaure cike. André ya ce ba zai je ba. Kundin da ya fi kowanne a shekarar bai samu zagayen da ya dace da shi ba, saboda rabin masu shi ba ya son hawa dandamali. Ka sa kanka a matsayin Big Boi, ka ƙiyasta abin da ya wuce ka, kuma wanda ya jawo hakan shi ne mutumin da ka jira. Da yawa a nan ne za su kira 'yan jarida su zazzage abin da ke cikinsu. Shi dai abin da aka saba ji daga bakinsa shi ne André ɗan'uwansa ne.

Sun sake gwadawa sau ɗaya. A watan Agustan 2006 suka fitar da fim da kundi masu suna Idlewild. Ya buɗe a lamba ta biyu da kwafi ƙasa da 200,000 a makon farko, bai kai rabin na baya ba, kuma shi ne kundin OutKast na ƙarshe har yau. Da Big Boi ya zo fitar da kundinsa na kansa a 2010 a Def Jam, kamfanin Jive, wanda kwantiragin OutKast ya koma hannunsa, ya hana a sa waƙoƙin da muryar André take ciki. A da zuciya ce ta raba musu ɗaki, yanzu kuma takarda.

A 2014 suka haɗu don cikar shekara 20 da kundinsu na farko, suka zaga bukukuwan kiɗa sama da 40, farawa da Coachella. André ya hau dandamali ne bayan rasuwar mahaifiyarsa a 2013 da mahaifinsa a farkon 2014, kuma daga baya ya faɗa da bakinsa cewa ya ji kamar yana sayar da kansa ne, yana rera abin da ya rubuta tun yana yaro. Da zagayen ya ƙare ya sake ɓacewa. Sai dai a riƙa ganinsa jefi-jefi, a filin jirgi ko a bakin titi, shi kaɗai, yana busa sarewa. A watan Nuwambar 2023 ya fitar da kundinsa na farko shi kaɗai, New Blue Sun. Mutane sun shekara 17 suna jiran kundin gambara daga gare shi, ya ba su kusan sa'a ɗaya da rabi na busa, babu kalma ko ɗaya. Ya ce yana ɗan shekara 48 bai ga abin da zai faɗa a gambara da zai zama gaskiya a bakinsa ba. Wannan kundin ma sai da ya shiga takarar kundin shekara a Grammy.

Rico Wade, mai ramin da aka faro komai, ya rasu a watan Afrilun 2024 yana da shekara 52. Bai ga ranar 8 ga Nuwamba, 2025 ba, ranar da aka shigar da OutKast zauren girmamawa na Rock and Roll Hall of Fame a Los Anjalas, a rukuni ɗaya da White Stripes ɗin da suka doke a 2004. Su biyun suka hau tare, suka kira mutanen Dungeon suka cika dandamali. André ya yi magana muryarsa tana rawa, yana tuna ƙaramin ɗakin da suka fara a ciki. Da lokacin kiɗa ya yi, Big Boi ya karɓi makirufo tare da Killer Mike da Sleepy Brown da wasu matasan mawaƙa. André bai rera ko baiti ɗaya ba. Da aka zo kan "Hey Ya!", Janelle Monáe ce ta rera ta.